Noman tumatir a bokiti da ruwa mai zagayawa: yadda zaka haɗa shi, da abin da zafin garinmu zai maka

Wa alaikumussalam ƙanena. Na karanta tambayarka, ka ce ka ga bidiyoyi na Turawa suna jera bokitai a cikin ɗaki, bututu ya haɗa su, ruwa yana ta zagayawa, tsiro yana girma babu ƙasa ko ɗigo, kuma kai ma kana da bokitan fenti guda goma da wani ɗaki da ba kowa a gidanku a Kano, kana so ka gwada tumatir da tattasai, to yaya ake haɗawa kuma yaya ake kula da shi. Na daɗe ina wannan harkar a bayan gidana, zan gaya maka abin da na sani tsakani da Allah.

Da farko kasan yawancin bidiyoyin nan da kake gani na masu noman wiwi ne a Kanada da wasu jihohin Amurka, su can doka ta yarda musu, Kanada tun 2018 ta halatta, shi yasa suka cika intanet da darasin bokiti. Mu nan kasan matsayin wannan ganyen a wajen NDLEA, kuma kai ma ba shi ka tambaya ba, saboda haka mun wuce wajen. Abin da yasa na ambata shi ne don ka gane cewa tsarin da suke nunawa an gina shi ne a ƙasa mai sanyi, mai wutar da ba a ɗaukewa, kuma a kan ganyen da kuɗinsa ke iya biyan kuɗin fitila da na'urar sanyaya ruwa. Tumatir ba zai biya maka wannan ba. Idan ka kwafi nasu sak, wallahi kafin wata biyu zaka tsani harkar gaba ɗaya.

Tsarin bokiti mai ruwa yana zagayawa iri biyu ne, kuma mutane suna yawan haɗa su a baki ɗaya. Na farko shi ne wanda ka gani, bokiti cike da ruwan taki, tsiron yana zaune a ɗan kwando a murfin, saiwarsa tana rataye tsundum a cikin ruwa dare da rana, ana hura mata iska da irin injin nan na masu kiwon kifi, babban bututu ya haɗa ƙasan duk bokitan da tanki ɗaya, famfo yana juya ruwan. Na biyu shi ne wanda ake ce wa bokitin Holan, wasu su ce Bato, shi kuma bokitin cike yake da wani abu da saiwa zata kama, kamar ɓawon kwakwa da aka niƙa ko buntun shinkafa ko tsakuwa, ruwan takin yana ɗigowa ta sama da ɗan siririn tiyo, ya ratsa, abin da ya rage ya fita ta gefen ƙasa ya bi bututu ya koma tanki. Dukkansu ruwa ɗaya ne ke zagayawa. Amma a Kano ni na biyun nan kawai zan ce ka yi, kuma ga dalili.

Saiwa tana numfashi kamar ni da kai. Idan tana cikin ruwa tsundum, iskar da ta narke a ruwan ita kaɗai take da ita, kuma ruwa yana daɗa ɗumi yana daɗa sakin iskarsa. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a kowace lita, idan ya kai digiri 30 ya sauko wajen 7 da rabi, zaka ce ai bambancin ba yawa, amma a wannan zafin ita saiwar buƙatarta ta ƙaru sosai, ga kuma wata cuta mai ruɓar da saiwa da ake kira Pythium wadda ruwan ɗumi shi ne gidanta. Abin da ake so ruwan ya tsaya tsakanin 18 zuwa 22, a daure har 25 ko 26. To kai ka duba Kano a watan Afrilu da rana ke wuce 40, bokitin roba a ɗaki mai rufin kwano, ruwan ciki kamar na wankan jego yake zama. Sai kuma a ɗauke wuta injin iska ya tsaya. Ni da idona na gani a nawa, na farko da na haɗa irin wannan tsarin ne, an ɗauke wuta da daddare har washegari da la'asar, tumatir takwas da suka fara fure duk suka langwaɓe, bayan kwana uku na ɗaga murfi saiwar da take fara fat ta koma ruwan ƙasa tana yauƙi tana wari, kuma da yake ruwa ɗaya ke zagaya su, cutar ba wanda ta bari. Raina ya ɓaci sosai ranar. Shi kuwa bokitin Holan ko famfo ya tsaya yini guda, abin da ke cikin bokitin yana riƙe da danshi, kuma akwai iska a tsakankaninsa, tsiron zai jure har ka zo ka zuba masa da kofi.

Sai maganar ɗaki. Dan Allah ka cire ɗakin nan daga lissafi idan tumatir kake so. Tumatir ɗan rana ne, idan zaka maye masa rana da fitilar LED ta noma kana buƙatar wajen wat 300 zuwa 400 a kowace murabba'in mita, awa 14 zuwa 16 kullum, kuma tsiro goma zasu ci wajen murabba'in mita huɗu, ka lissafa da kanka, kusan yunit 20 na wuta kenan a rana ɗaya, ban da fanka da zata fitar da zafin fitilun. Alhali Allah ya ba mu rana kyauta har ta yi yawa. Ka samu tsakar gida ko bayan gida ko saman bene inda rana ke samu aƙalla awa shida, ka yi rumfa da ƙarfe ko katako, ka zagaye ta da raga mai ƙananan ido wadda ƙwaro ba zai shiga ba, sama ka sa ragar inuwa mai rage rana kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari lokacin bazara, da damina kuma leda mai haske saboda kada ruwan sama ya cika maka bokitai ya tsinka takin. Idan saman bene ne ka tuna duro mai lita 200 nauyin kilo 200 ne, ka ajiye shi kusa da ginshiƙi. Ɗakin kuma idan ka matsa sai ka yi wani abu a ciki, latas da na'a-na'a da irin su basu cin haske kamar tumatir, su zaka iya da ƙaramar fitila.

Yanzu haɗawa. Bokitan fentin naka masu lita 20 girmansu ya yi daidai, tsiro ɗaya a bokiti ɗaya, amma ni nafi son bokitin da aka zubo kayan abinci a ciki, irin na bota da masu gidan burodi ke sayarwa in sun gama, saboda abin da zaka ci ne zai fito daga ciki. In na fentin ne kawai a hannunka to ka kankare su tas ka wanke har sai babu ko ɓurɓushi. Kuma haske kada ya ratsa bokiti, duk inda haske ya haɗu da ruwan taki gansakuka zata fito ta cinye takin ta toshe tiyo. Ni nakan shafa baƙin fenti a waje, in ya bushe in bi shi da fari, baƙin ya tare haske farin ya kore zafi.

A gefen kowane bokiti ka huda rami kamar santimita 5 daga ƙasa, ka sa robar da ke hana yoyo, ka zura guntun fayif na rabin inci ko inci ɗaya, daga ciki ka sa masa gwiwa, wato lanƙwasasshen mahaɗin fayif, tana kallon ƙasa har ta kusa taɓa gindin bokitin, daga waje ma gwiwa tana kallon ƙasa tana zuba a babban bututu. Amfanin gwiwar ciki shi ne tana jan tsohon ruwan da ya kwanta a ƙasa ya fita, kuma kullum akwai ɗan ruwa santimita kaɗan da ya rage a gindi, shi ne guzurin tsiron ranar da famfo ya tsaya. Babban bututun komawa ya zama inci biyu, kada wani mai shago ya ce maka inci ɗaya ya isa, saiwar tumatir tana bin ruwa ta shiga bututu ta cunkushe shi kamar gashi, sai ka tashi da safe ka ga ruwa ya malale ƙasa tanki ya ƙafe. Ka ɗora bokitan a kan bulo ko benci, bututun ya gangara zuwa tanki da kamar santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, kuma inda guntayen fayif ke shiga babban bututun kada ka sa gam, ka bar su yadda zaka iya zarewa ka duba duk sati.

Tanki shi ne zuciyar abin, kuma nan ne dabarar da tafi kowace amfani a wajenmu: ka binne shi. Duron roba mai lita 200 ya ishi bokiti goma, ka haƙa rami a inuwa ka sa shi bakinsa kaɗai a waje, ƙasa zata riƙe maka sanyinsa fiye da duk abin da zaka saya, kuma ruwa zai dawo masa da kansa tunda yana ƙasa da bokitai. Ka tabbata duron ba na wani sinadari mai guba ba ne a da. Ka rufe shi ruf, na ɗaya saboda haske, na biyu saboda sauro, kada ka je neman tumatir ka jawo wa yaran gida zazzaɓin cizon sauro. In ba halin binnewa, ka naɗe shi da buhun algarara kana jiƙawa, irin yadda ake wa tulu.

Famfo ƙarami ya isa, irin wanda ake nutsawa a ruwa, ni na fi son mai aiki da batir na bolt 12 da ƙaramin faifan sola, saboda lokacin da tsiro yafi jin ƙishi shi ne lokacin da rana tafi ƙarfi, kaga sun dace da juna. Daga famfo tiyo mai rabin inci ya bi layin bokitai, daga jikinsa siraran tiyo biyu su shiga kowane bokiti kusa da gindin tsiro, biyu nace saboda in ɗaya ya toshe ɗayan yana aiki. Ka ɗaura tsohuwar safa ko raga a bakin bututun komawa ta tare datti. Ka sa taima, wato na'urar da ke kunna famfo ta kashe shi da kanta, ni da bazara ina ba su minti 10 zuwa 15 sau biyar ko shida daga safe zuwa yamma, da hunturu sau uku ya wadatar, da daddare babu. Amma wannan ba aya ba ce, ka sa yatsa a bokiti ka ji, danshi ake so ba caɓi ba. In kana da ɗan injin iska na masu kifi ka jefa dutsen kumfarsa a tanki yana da kyau, sai dai ka rataye injin sama da matakin ruwa, in ba haka ba ranar da wuta ta ɗauke ruwa zai biyo tiyon ya shige masa ya ƙone.

Abin da zaka cika bokiti da shi kuwa, ɓawon kwakwa niƙaƙƙe da ake sayarwa a dunƙule kamar bulo shi yafi, amma sai ka jiƙa shi ka wanke sau da yawa don yakan zo da gishiri, sannan ka jiƙa shi kwana ɗaya a ruwan da ka narka takin da ake kira kalsiyam naitiret. Buntun shinkafa kuma gashi nan tuli a wajen masu casa ta wajen Kura da Bunkure, kusan kyauta, ka babbaka shi ya yi baƙi ba tare da ya zama toka ba, ka wanke, ka gauraya rabi da rabi da ɓawon kwakwar. Ƙasan bokiti ka fara zuba tsakuwa wankakkiya har ta rufe gwiwar nan don kada ta toshe. Ƙasa ko takin dabbobi kada su kusanci tsarin nan ko kaɗan.

To taki, nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Kada ka ɗebo NPK 15-15-15 na gona ka jiƙa ka ce ka gama, an yi shi ne don ƙasa, baya narkewa duka, kuma babu isasshen kalsiyam da ƙananan sinadarai irin su ƙarfe da zinki da boron da tsiro ke samu a ƙasa, a nan kuwa duk abin da baka zuba a tanki ba tsiron ba zai taɓa ganinsa ba. Ka nemi takin da aka yi don noman ruwa. Haɗin da yafi shahara wajen masu tumatir kashi uku ne: hoda mai lamba 4-18-38 irin ta Masterblend, da kalsiyam naitiret, da magniziyam salfet wato gishirin Epsom. A kusan lita 20 na ruwa giram 12 na farko, giram 12 na kalsiyam, giram 6 na Epsom, kaga a duronka 120 da 120 da 60 kenan. Ka sayi ƙaramin sikeli, kada ka auna da ido. Kuma ka riƙe wannan da kyau: kalsiyam a kwano daban ake narka shi, a zuba shi a ƙarshe bayan sauran biyun sun gauraye da ruwan tanki gaba ɗaya. In ka haɗa su da kauri a kwano ɗaya zaka ga ruwan ya yi fari kamar koko wani abu ya kwanta a ƙasa kamar alli, wannan takinka ne ya daskare, tsiro ba zai iya sha ba. Ƙananan dashe rabin wannan ƙarfin ake ba su sati biyun farko.

Mita biyu dole ne, ta pH mai auna tsamin ruwa da ta EC mai auna yawan abin da ya narke a ruwa, duk kamar biro suke. pH ya zauna tsakanin 5.5 da 6.5, in ya haura 7 ƙarfe yana nan a ruwan amma tsiron ba zai iya ɗauka ba, sai ka ga sabbin ganyen sama sun yi ɗorawa jijiyoyinsu kore, mutum ya yi ta ƙara taki alhali ba yunwa ba ce. Ruwan burtsatse da na rijiya a wurare da yawa yana tura pH sama, saboda haka kafin komai ka auna ruwan gidanku shi kaɗai, in EC ɗinsa ya wuce kamar 0.7 tun ba taki, ka riƙa sirka shi da ruwan sama da ka tara. Ruwan famfo na hukumar ruwa kuma ka bar shi ya kwana a buɗe. Don saukar da pH ana amfani da ruwan asid na fosforik da masu kayan noman ruwa ke sayarwa, ɗigo kaɗan kaɗan, da safar hannu, a ɓoye shi daga yara. Lemon tsami yana saukarwa amma gobe ya koma inda yake. EC kuma shi ke gaya maka kaurin taki, dashe wajen 1, babban tumatir mai 'ya'ya 2 zuwa 3, tattasai ɗan ƙasa da haka, kuma da tsananin zafi ni ina zama a ƙasa-ƙasa saboda tsiron ruwa yake ta sha.

Kullum da safe minti biyar ya isheka, ka leƙa tanki ka ga inda ruwa ya tsaya, ka tsoma mitocin, ka rubuta a littafi. In ruwa ya ragu EC ya hau, tsiron ya sha ruwa ya bar taki, zallan ruwa zaka ƙara. In ruwa ya ragu EC ma ya sauka, yana cin abinci sosai, ka ƙara da haɗin taki. Babban tumatir ɗaya da bazara yana iya shanye lita biyu zuwa uku a rana, goma kenan sun kusa kwashe maka jarka guda ko fiye, shi yasa ƙaramin tanki wahala ne, kafin la'asar kaurin takin ya canza. Duk kwana 10 zuwa 14 ka kwashe ruwan gaba ɗaya ka haɗa sabo, saboda mita jimilla kawai take nuna maka, bata gaya maka wane sinadari ya ƙare wane ya taru. Tsohon ruwan kada ka zubar a kwata, ka ba zogale ko bishiyar gida.

Wajen iri ka gaya wa mai sayarwa kana son tumatir mai ci gaba da tsawo, wanda ake ɗaurewa da igiya, shi ne ke biyan wahalar bokiti don yana ta ba da 'ya'ya wata da watanni. Irin su UC82B da Roma na fadama gajeru ne, su zuba gaba ɗaya su gama. Ka ɗaure igiya daga saman rumfa, kana naɗe tsiron yana hawa, kana cire 'yan rassan da ke tsirowa a hammatar ganye tun suna ƙanana. Tunda raga ta hana ƙudan zuma shiga, da hantsi ka bi kana ɗan girgiza igiyoyin don fure ya ɗauki ciki. Kuma ka sani in zafin rana ya wuce 35 furen tumatir zubewa yake ko me ka ba shi, saboda haka gwajinka na farko ka yi yayyafi a ƙarshen Satumba ko Oktoba ka ci moriyar sanyin hunturu, in hannunka ya faɗa sai ka tunkari na damina, lokacin da tumatir ke tsada a kasuwa. In ka ga gindin 'ya'yan yana baƙi yana lotsawa, kalsiyam ne bai isa wajen ba, kuma sau da yawa ba rashinsa a tanki ba ne, ban ruwa ne ke yankewa ko taki ya yi kauri.

Ragar nan kuma kada ka yi wasa da ita. Ka tuna 2016 da tsutsar Tuta absoluta, wadda manomanmu ke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, rashin ƙasa baya hana ta, ita ganye take nema. Haka farin ƙuda mai kawo cutar nannaɗewar ganye. Ka rufe ƙofar rumfa duk shiga da fita, ka riƙa ɗaga ganye kana duba bayansa, tsiron da ka ga ya kamu da cutar saiwa ko ya langwaɓe ba dalili ka zare bokitinsa daga layi nan take kafin ruwansa ya koma tanki. Bayan kowane girbi ka kwance komai, ka wanke bokitai da bututu da tanki da ruwan bilic, ka ɗauraye sosai ka shanya a rana.

Shawarata kada ka fara da goman nan duka. Ka haɗa huɗu, tumatir biyu tattasai biyu, amma bututu da tanki ka yi su na goma tun yanzu don kada ka sake kashe kuɗi. Ka zagaya zallan ruwa kwana biyu kafin ka sa ko tsiro ɗaya, ka ga inda ke yoyo ka gyara. In ka auna ruwan gidanku ka turo min lambar pH da EC ɗin da ka samu, da hoton wajen da zaka kafa rumfar da awa nawa rana ke yi a wajen, sai in gaya maka yadda zaka daidaita haɗin farko in sha Allah.